Kyari da Rawanin Sarkin Kaji

Allah ya jiƙan Kyari ɗan Fanta. Ba mugu ba ne, ko kaɗan, sai dai bakinsa ya fi kansa girma. A Birni aka haife shi, nan cikin Damagaram, a gidan maɗinka, kuma har ya yi gemu bai san kaza ba sai a cikin miya. Wata goma sha ɗaya ya yi yana falanto, wato masinja, a biro, ofishin wani Nasara likitan dabbobi: ya share tsakar gida, ya buɗe ƙofa, ya kai takarda, ya kori awaki daga shukar Nasara. Iyakar aikinsa ke nan. Da bazarar shekarar da Faransa za ta miƙa mulki ta zo, Nasaran ya ɗaure kayansa, ya sallami Kyari da tsohuwar farar riga mai aljihu uku da wani gilashi mai mariƙi, irin wanda ke mai da ƙwayar gero kamar gujiya. Gilashin ma a tsage yake.

Tun daga ƙofar biro Kyari ya zura rigar, ya ratsa gari da ita cikin tsakar rana, bai shiga gida ba sai da ya tabbata kowa ya gan shi. Ya tarar da matarsa Lubabatu da tsohon ciki tana tankaɗe. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, lafiya? Wa ya mutu aka ba ka ragowar likkafani?"

"Daga yau Lokotoro za ki riƙa ce mini, wato likita."

"Lokotoron me?"

Wannan kam bai shirya mata ba. Ya ɗan sosa ƙeya, sai ya tuna wata rana da ya leƙa ta taga ya ga Nasara yana kifa 'yan tsaki ɗaya-ɗaya, ya duba ƙarƙashinsu, ya jefa wannan a kwali, wancan a wani kwalin.

"Na kaji," in ji shi. "Ɗan tsako kwana uku da ƙyanƙyasa, in ɗaga shi in gaya miki zakara ne ko kaza. Duk ƙasar Damagaram mu biyu muka san wannan, ɗayan kuma gobe zai hau jirgi."

Lubabatu ta ce, "Madalla. Tuwon gidan nan fa, ku nawa kuka san inda zai fito?"

Cikin kwanakin nan ne Sarkin Kaji ya rasu, wato shugaban dillalan kaji na kasuwa. Sarauta ce ƙarama, amma tana da rumfarta da buzunta, mai ita shi ke raba gardama, ana ce masa ranka ya daɗe, gidansa kuma ba ya rabuwa da romo. Kowa ya san Tahiru ne zai gaje shi, mutumin da ya shekara talatin cikin fuka-fukai, wanda ko a duhu ka miƙa masa kaza zai gaya maka sau nawa ta yi kwanci. Kyari bai san da wannan ba, ko kuwa ya sani bai dame shi ba. Ba shi da aiki, ga haihuwa tafe, ga kansa da ya daɗe yana ganin an yi shi don rawani. Ya tafi wurin Mai Nasara, Sarkin Kasuwa, wanda shi ke naɗawa, ya durƙusa ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, zamani ya canja. Ƙasa za ta karɓi mulkinta, bai kamata kaji su zauna cikin jahilci ba."

Mai Nasara tsoho ne mai son nishaɗi. Ya gyara zama. "Su kajin ne suka aiko ka?"

"Ranka ya daɗe, mace takan sha wahala wata biyu tana ciyar da ɗan tsako, tana sa ran ƙwai, ƙarshe ya buɗe baki ya yi mata cara. Ni kuwa kwana uku, wala, in ji Nasara, shi ke nan an gama."

"Kai ka taɓa kiwon kaza?"

"Shi lokotoron mutane sai ya haihu yake karɓar haihuwa?"

Mai Nasara ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Ya ce, "To. Ba zan naɗa kowa ba sai an sauke tutar Faransa, kada a ce Nasara ne ya zaɓa mini. Alhamis ta biyu bayan biki za a yi naɗi. Je ka gwada a unguwarku. In ranar ka zo ka nuna wa dillalai abin da ba su sani ba, rawani naka ne."

Washegari Kyari ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ajiye jan zare da baƙin zare, ja na mata, baƙi na maza. Wadda ta fara zuwa ita ce Tani mai ƙosai, maƙwabciyarsu, tsohuwar da ta goya shi yana jariri. Ta zo da kazarta da 'ya'ya tara cikin kwando.

"Kyari ɗan Fanta, an ce ka zama boka."

"Lokotoro, Gwaggo."

"To duba mini. Matan nake so in riƙe. Mazan in aika wa 'yata Gidimuni, can akwai tsaba, su je su ci ta mijinta."

Kyari ya naɗe hannun riga, ya ce "Atansiyo!" yadda Nasara ke cewa a yi hattara, ya zura hannu cikin kwando ya cafko ɗan tsako. Ba wanda ya taɓa gaya masa ana fara kama uwar. Kazar nan ta tashi kamar an harbo ta, ta dira a gemunsa, ta sara masa hanci, ta haye hula. Ya saki tsako, ya saki gilashi, ya kwasa da gudu yana kaɗe kai, kaza na biye. Lungunsu kuwa ƙarshensa marina ce. Bai ankara ba sai ji ya yi ƙafarsa ta dama ta nutse cikin ramin baba har cinya. Modu marini, wanda ke tsugune yana matse zane, bai ko tashi ba.

"Lokotoro, rini ɗaya kake so ko biyu?"

Ya dawo yana ɗingishi, rabin riga fari, rabi shuɗi. Wannan karon Tani ta matse uwar a hammata. Ya kifa ɗan tsako na farko, ya kanga gilashi, ya matso da ido sosai. Ɗan tsako ya yi abin da kowane ɗan tsako zai yi in an kifa shi. Kyari ya goge gilashi da gefen riga mai fari, ya ce, "Mace."

"Da me ka gane?"

"Ta rufe ido. Kunya."

Na biyu ya yi ta tsuwwa. "Namiji. Ji baki."

"Ashe kai ma da baki aka gane ka," in ji Tani.

Mutane sun fara taruwa, shi kuwa ganin taro yake ƙara masa kaifi. Ya tsaya yana bayani, yadda ake yi a Faransa, yadda can kaji ke kwana a bene, hannunsa na riƙe da gilashi a saman cinyarsa, rana kuwa ta take. Tani ce ta fara shinshina.

"Kyari, ilimin naka yana hayaƙi."

Ya duba, ga wandonsa ya huje, wuta na cin tabarma. Modu ya taimaka masa da abin da ke hannunsa, wato ƙwarya guda ta ruwan baba. Da la'asar dai aka gama: shida jan zare, uku baƙi. Da suka ɗan tasa Tani ta aika da ukun Gidimuni, ta riƙe shidan, kowane mako tana sassauta musu zare tana ba su gara da dusa, tana lissafin ƙwan da za ta ci da kaka.

Daga nan Kyari ya shiga unguwa gida-gida. Ba kazar da ba ta sare shi ba. Har cikin Lubabatu ya kanga wa gilashi daga nesa, ya ce namiji ne, ya zaɓi suna. Da damina ta kankama ta haifi 'ya mace, santala, aka sa mata Zuliha. Ran suna mata suka yi ta aiko masa daga cikin gida, wai a tambayi Lokotoro, a ɗaura mata baƙin zaren ko a dakata.

Haihuwar nan ce ta kawo Inno, uwar Lubabatu, daga Gaffati don wankan jego. Ta zo a kan jaki da ƙullin kayanta da akurki, domin kazarta ta ƙyanƙyashe kwana biyu kafin tafiya, kowa kuma yana gona, ba wanda za ta bar wa. Inno ta shekara hamsin tana kiwon kaji da zabi. Da wata ce, da tun ranar farko ta zaunar da Kyari ta wanke shi tas. To amma suruka ce. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana sai amsa gaisuwa. Shi ma da asuba zai tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna can bakin katanga, kansa a ƙasa, ya gaishe ta, ya fice. In ya ji muryarta a tsakar gida, sai ya sauya hanya. Wajen kunya kam, ba wanda ya taɓa kushe Kyari.

Aka yi bikin karɓar mulki, aka sha kiɗa da algaita, aka ɗaga sabuwar tuta. Kyari ya yini yana gaya wa mutane cewa saura kwana takwas a fara ce masa ranka ya daɗe. Washegari da sassafe, yana alwala, sai ya ji wani irin kuka daga gidan Tani, kamar ana murɗe wuyan buta. Wani ya amsa. Wani kuma ya amsa. Kafin ya sallame salla an fara dukan ƙyauren gidansa.

Tani ce, da zakara a kowace hammata, huɗu na biye da ita, kowanne da jan zarensa a ƙafa da jan zankonsa a ka.

"Fito, ɗan Fanta! Fito ka gaisa da 'yan matanka!"

"Gwaggo, a hankali, akwai baƙuwa a gida."

"Gara ta ji! Wata uku ina tonon gara har bayana ya ƙage. Shida ka ce mata. Ga su nan, shida suna cara. Jiya kuma saƙo ya zo daga Gidimuni, wai an gode da 'yan matan kaji uku, masu kyau!"

Maƙwabta sun firfito. Kyari ya duba zakarun nan, ya duba sama, ya gyara murya.

"Gwaggo, lokacin da na duba su, a ƙarƙashin Faransa muke. Mata ne. Jiya aka ba kowa 'yancinsa. In kaza ta ga dama ta yi cara, yanzu wa zai hana ta?"

Modu ya ce, "To Allah ya sa kada 'yancin ya kai gidana, ina da akuya mai ciki."

Tani ta ce, "Ranar Alhamis zan kai su kasuwa, su yi wa Mai Nasara bayanin 'yancin da bakinsu."

Kyari ya koma ciki. Mako guda ya rage. In ba ya nuna wani abu da zai rufe bakin Tani ba, rawani ya tafi, romo ya tafi, sai sunan Lokotoro da rabin riga. Yana raɓe-raɓe ta bayan rumbu don kada ya haɗu da Inno, sai ga kazarta ta fito kiwo da 'ya'yanta goma sha biyu. Bai taɓa tsayawa ya dube su ba, saboda dukiyar suruka ce. Yau ya duba. Biyar jikinsu sumul, suna tafe a hankali kusa da uwa. Bakwai kuwa ƙafafunsu ja, wuyansu a miƙe, suna zirga-zirga kamar an aike su, kowanne da zane-zane baƙaƙe a kai, layi-layi, daga baki har ƙeya.

Murna ta kama shi. Ya san wannan zane. Ya gan shi a hannun rigar sojoji a bariki, igiyar muƙaminsu. Galo ne! Kafaran, wato kofur, biyu; sarsan, wato saje, uku. Wa ya taɓa ganin an ba mace galo? Ashe Allah da kansa ya rubuta amsar a goshin tsako, mutane ne ba su iya karatu ba.

Abin da bai sani ba, kowace 'yar ƙauye ta sani. Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, don haka da damina akan kwashi ƙwanta a sa wa kaza. Inno ta sa na zabi bakwai, bayan mako guda ta ƙara na kaza biyar don su fashe tare. Masu galon Kyari 'ya'yan zabi ne.

Ya leƙa ɗakin Lubabatu yana haki, ya raɗa mata abin da ya gano. Ta sauke jaririya daga nono ta dube shi.

"Malam, waɗannan fa zabi ne."

"Zabi? A bayan kaza? Kin taɓa ganin akuya ta haifi tunkiya?"

"Ƙwan ake sa mata."

"Ita kazar makauniya ce, ba ta san ƙwanta ba? Lubabatu, ruwan zafin nan ya fara taɓa miki kai."

"To. Allah ya ba da sa'a, Lokotoro," in ji ta, ta mai da 'yarta nono.

Ta dai gaya wa uwarta. Inno ta rasa yadda za ta yi. Washegari da ta ji motsinsa a zaure, sai ta watsa tsaki, ta ɗaga murya tana yi wa kazarta magana.

"Ke Wake, ci ki ƙoshi, ke da 'ya'yanki da 'ya'yan riƙonki. Mu dai a Gaffati ba a gaggawa. Sai an yi mako shida, a ga wanda zankonsa ya yi ja, ƙafarsa ta yi kauri, a ce zakara. Masu zane a ka kuwa, ko yaro ya san ba naki ba ne, na..."

Kyari bai ji ƙarshen ba. Tun daga "ke Wake" ya toshe kunne ya fice da sauri, domin ɗan mutunci ba ya tsayawa sauraron hirar surukarsa. Sau uku ta gwada cikin makon nan, sau uku yana gudu. Ran Laraba har ta bi shi da muryar zuwa bakin zaure, ya tsallake katangar Modu.

Ranar Alhamis da hantsi, Inno na bayan ɗaki tana fama da tukunyar ruwan wanka, Kyari ya lallaɓa. Ba zai iya roƙonta aro ba, ai ba a magana. Ya watsa tsaki cikin akurki, uwa da 'ya'ya suka shiga, ya toshe, ya ɗora a ka, sai kasuwa.

Rumfar kaji ta cika. Mai Nasara na zaune a kan buzu, ga rawani fari a naɗe cikin faifai a gabansa. Dillalai sun yi layi, Tahiru na gefe yana ɓare goro. Tani ta riga kowa zuwa da zakarunta shida a ɗaure. Kyari ya sauke akurki a tsakiya, ya zaro gilashi, ya yi gaisuwa.

Mai Nasara ya ce, "Kafin ka fara, tsohuwar nan ta kawo ƙara. Tara ka duba mata, tara ka kuskure."

Tahiru ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi masa adalci. Mai cinta da ka yakan dace da rabi. A kuskure tara cikin tara, wannan sai mai baiwa."

"Wancan tsohon ilimi ne, na Faransa," in ji Kyari. "Ya tafi da masu shi. Yau na zo da na ƙasa."

Ya zura hannu, uwa ta sare shi, ya daure, ya fito da mai zane ɗaya ya ɗaga sama.

"Jama'a, me kuka gani a kansa?"

Dillalai suka dubi abin da ke hannunsa, suka dubi juna. Wani ya cusa gefen rawaninsa a baki. Wani ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Kyari ya ga haka ya ce a ransa, ilimi ya dake su.

Tahiru ya ce a hankali, "Mu ba mu ga komai ba, Lokotoro. Karanta mana."

"Galo ne! Duk tsakon da ya fito da galo namiji ne. Wannan layi uku, sarsan. Zakara ne na gaske."

"Ikon Allah. Marasa galon fa?"

"Matansu."

"To shi sarsan ɗin, yaushe zai fara cara?"

"Wata biyu. In bai yi cara ba a aske mini rabin gemu a nan rumfar."

"Ranka ya daɗe, a shaida," in ji Tahiru. "A kuma nemo wanzami tun yanzu, kada ranar ya yi nisa."

Wani dillali daga baya ya ce, "Lokotoro, akwai kwamanda a cikinsu?"

"Akwai! Bari ku gani."

Ya cire toshiyar akurki gaba ɗaya. Kaza ta fito da biyar ɗinta, suka tsaya nan suna tsattsaga ƙasa. Shidan da suka rage kuwa suka fashe kamar an watsa tsakuwa. Na hannunsa ma ya fizge ya bi su. Ɗaya ya faɗa ƙwaryar nonon wata Bafillatana, ɗaya ya shige buhun barkono, mai barkono ya bi shi ya fito yana atishawa, biyu suka tashi fir suka sauka a kan rumfa, abin da ɗan kaza mai mako uku bai taɓa yi ba. Kyari ya bi ɗaya da rarrafe ta ƙarƙashin jakin wani mai itace, jaki ya yi tutsu, itace ya zube kan tukwanen wata mata. Zakarun Tani suka ga hargitsi suka ɗauki cara gaba ɗaya.

Cikin wannan ne taro ya dare. Inno ce, lulluɓe da zane, ta taho tun daga Birni a ƙasa, ƙafafunta duk laka. Kyari na ganinta ya tuɓe takalmi ya tsuguna a inda yake, cikin fasassun tukwane, ya sunkuyar da kai. Ba wurin gudu. Ita kuma ta juya masa baya, ta durƙusa gaban Mai Nasara.

"Ranka ya daɗe, kazata na zo nema, da 'ya'yanta biyar, da 'ya'yan zabina bakwai."

"Zabi, Inna? An ce mana sojoji ne."

"Ni dai ƙwan zabi na sa mata. In sun shiga soja, bayan fitowata ne."

Dariyar da dillalai suka danne tun ɗazu ta ɓalle. Wani ya kwanta a ƙasa yana dukan akurki. Mahauta suka baro rumfarsu suka zo tambayar abin da ya faru, aka gaya musu, su ma suka kama ciki. Mai Nasara ya share hawaye, ya ce da Kyari ya tashi ya kamo wa tsohuwa dukiyarta, in ya so a yi naɗi yana nema.

Haka aka yi. Ana naɗa wa Tahiru rawani, ana busa, ana ranka ya daɗe, Kyari na bisa rumfa a kan ciki yana kiran sarsan. Kafin azahar ya haɗa shida, ɗaya fari fat da nono, ɗaya ja da barkono. Na bakwai kuwa, wata mai daddawa ta ce ta ga shirwa ta yi sama da shi ta wajen duwatsu.

Shari'ar farko da sabon Sarkin Kaji ya yi ita ce wannan. Ya zauna a buzu, rawani na ƙyalli, Inno a dama ta ba da baya, Kyari a hagu kansa a ƙasa.

"Hukunci mai sauƙi ne," in ji Tahiru. "Wanda ya ɓatar ya biya da irin abin da ya ɓatar. In zabo ne, zabo. In zabuwa ce, zabuwa. Inna, wanne ne?"

Inno ta ce, "Ranka ya daɗe, ga masu ilimi a wurin, a tambaye ni?"

Tahiru ya juya. "Lokotoro, mace ce ko namiji?"

Kowa a kasuwa ya miƙa wuya. Kyari ya ɗaga kai. Ya dubi rawanin da ke kan Tahiru. Gumi na bin gemunsa. Can ya ce, da wata 'yar murya da ba a san shi da ita ba, "Ranka ya daɗe, ban sani ba."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"Ban sani ba!"

Inno ta gyara lulluɓi. Ta ce, "Ni ma ban sani ba. Shekara hamsin ina kiwonsu, ban taɓa sani ba sai sun girma sun yi kuka. Na yafe. Uban jikata ne. A dai ce masa ya ɗauko mini akurki, wuyana ba ya ɗaukar kaya."

Tani ta ce ita ba ta yafe ba, sai ya yi mata tonon gara har kaka. Aka ce ya yi.

Suka kamo hanyar Birni, Inno a gaba, Kyari a baya da taku ashirin, akurki a ka, takalmi a hannu, kaza na leƙowa tana saran hularsa. Duk rumfar da suka wuce sai an ƙame an sara masa irin ta soja. Haka aka yi ta yi har suka shiga ƙofar gari, har suka kai lungunsu. Modu na bakin marina, labari ya riga su isowa.

"Sannu da dawowa, Lokotoro. An ce shirwa ta ɗauke maka soja guda."

Kyari ya tsaya. Ya leƙa ya tabbata Inno ta shige zaure. Sannan ya matso kusa da Modu, akurki na rangaji a kansa, ya rage murya.

"Tsakanina da kai, namiji ne. Na ga gudunsa."